Bamba Mai Noti Takwas

Sulaiman na kwance a ƙarƙashin motar yana ɗaure noti na takwas sa'ad da wasu takalma masu sheƙi suka zo suka tsaya daidai kansa. Bai fito ba. Sai da ya ja sifanar da hannu biyu har notin ya ƙi motsi, ya shafa shi da yatsa, sannan ya jawo jiki ya miƙe yana kakkaɓe ƙasa.

Malam Mansur ne, jami'in da ke kula da motocin wata ƙungiya mai kai magani da ungozoma ƙauyukan bayan Rigachikun. Bai ma gama amsa gaisuwa ba ya zagaya gaban farar Hilux ɗin, ya tsaya, ya riƙe ƙugu.

"Wannan fa?"

"Bamba ce, Yallaɓai."

"Ni dai ƙofar gidan yari nake gani."

Ya ciro waya ya kara wa Sulaiman a fuska. Hoton wata mota ce a kan rairayin ƙasar Larabawa, gabanta duk bututai masu walƙiya, fitilu shida jere, da jajayen zobba biyu. Ya ce wannan ya turo kwana tara da suka wuce, wannan kuma yake so. Jibi Darakta zai zo da baƙi a ɗauki hoton motocin kafin su fita zagayen damina, shi kuwa ba zai tsaya gaban manya da wannan baƙin abu ba.

Sulaiman ya kalli hoton, ya kalli aikinsa. Gaskiya babu ado a jikinta. Daga wani fallen ƙarfe mai kauri ya yanko ta, wanda ya ciro a jikin tsohuwar tanka ya ɓoye a bayan shago shekara uku, ana zuwa nema yana hanawa. Kafin ya kunna wuta ma sai da ya gina ta da kwalayen sabulu, yana yanka da almakashi yana liƙawa a gaban motar, har maƙwabtansa na layin masu walda a Mando suka riƙa kiransa tela. Ya ɗage gefunanta biyu sama don taya ta riga ƙarfe isa gaɓar rafi. Ya bar ramuka a tsakiya don lagireto ya sha iska. Zobban jan motar kuwa, waɗanda saboda su ya yi duk wannan wahala, bai liƙa su a fuskar bamba ba. Ya ratsa su ta cikinta har suka kama shasi, ƙarfen da duk motar take zaune a kansa.

Ya fara yi wa Mansur bayani, amma bai kai rabi ba mutumin ya tsugunna ya leƙa ƙasa, ya taso da sabon faɗa. Ya ce wane irin mai walda ne ke ɗaure bamba da noti kamar ƙafar gado? Kowa a garin nan narka ta yake da shasi a huta. Sulaiman ya ce wuta tana cin ƙarfin shasi, kuma ranar da bamba ta lanƙwashe a daji, da sifana ɗaya za a sauke ta.

Balarabe mai janwe, dattijon da ke ajiye motarsa ta jan motoci a gefen shagon, yana kan benci yana ɓarar gyaɗa. Ya ce da Mansur ya yi haƙuri, yaron nan ko ƙofar bayi aka ba shi sai ya auna ta sau bakwai.

Mansur bai yi dariya ba. Ya mayar da wayar aljihu.

"Ka san dai don Sista Nafisat ta roƙa aka kawo maka aikin nan. Don kana mijinta. Ba ni makulli. Akwai wanda zai yi mini irin ta hoton kafin gobe da yamma."

Wani jirgin sojan sama ya wuce ƙasa-ƙasa, ƙararsa ta cika layin, ta ba Sulaiman lokacin haɗiye abin da ya taso masa. Ya san irin wanda za a kai wa. Irinsa ne ya yi tsohuwar bambar wannan motar. Bara war haka, a wani rafi da ruwa ya cinye gadarsa, motar ta kafe da mace mai naƙuda a baya. Aka samo tarakta, aka ɗaura sarƙa a zoben ado, aka fizga. Zoben ya ɓalle, ya taho da sarƙar kamar harsashi, ya fasa gilashin gaba. Nafisat ce a kujerar gefen direba. Ɗinki goma sha ɗaya aka yi mata a saman girar hagu, likita ya ce da ya sauko da faɗin yatsa biyu da wani zancen ake yi. Tun daga ranar, kowace safiya idan tana ɗaura ɗankwali a gaban madubi sai ta ɗan jawo shi ƙasa ta gefen nan, tana zaton bai lura ba. Yana lura.

Ya ɗora hannu a kan aljihun da makullin yake.

"Ba zan bayar ba, Yallaɓai. Sai an ja ta a gabanka. In bambar ta motsa ko da faɗin farce, ni da kaina zan tuƙa motar in kai wa mutumin naka."

Mansur ya tambaye shi ko ya san motar wa ya riƙe. Ya ce ya sani sarai, ya kuma san wadda take zama a gaba.

Ana cikin haka Keke Napep ya tsaya a bakin layi, Nafisat ta sauko da kular abinci. Ranar hutunta ce, daga gida Rigasa take. Ta gaida Mansur da ladabin ofis, ta gaida Baba Balarabe, ta gaida Ɗanjuma direba da ke raɓe a jikin motar tun ɗazu. Sannan ta kalli mijinta. Kallo ɗaya ya ishe ta.

"Abban Ilham, me ka yi kuma?"

"Ban yi ba tukuna."

Ɗanjuma ne ya warware musun, shi da aka yi abin bara a hannunsa. Cikin sanyin murya ya ce da Mansur shi kam zai so a gwada, tunda shi zai shiga dajin. Balarabe ya zubar da ɓawon gyaɗa ya ce man janwensa kyauta ne yau, ya daɗe bai ga abin kallo ba. Mansur ya duba agogo, ya duba mutanen layin da suka fara ajiye aiki suna matsowa, ya ce a yi a gama.

A bayan shagunan akwai wani kwari da tifofi suka dama da ruwan Agusta har ya zama kunu. Ɗanjuma ya karɓi makulli, ya ja da baya, ya shiga da ƙarfi. Motar ta yi gurnani, tayoyinta suka watsa laka sama, ta nutse har cikinta ya zauna. Sulaiman ya tuɓe takalmi ya shiga caɓin har gwiwa, ya ɗaura sarƙar janwe a zoben dama. Maimakon ya fito, sai ya buɗe ƙofar gaba ya hau kujerar gefen direba.

Mansur ya tambayi me yake yi a ciki. Balarabe ya ba shi amsa ta tagar janwe, ya ce dokar marigayi Malam Audi ce, wanda ya koya wa rabin layin nan walda: duk wanda ya haɗa zoben ja, shi ke zama a bayansa ranar jan farko. Ya ce yanzu an daina, saura wannan mai taurin kan.

Daga kujerar, Sulaiman ya ga abin da Nafisat take gani kullum. Sabon gilashi, ɗan carbin Ɗanjuma yana lilo, da sarƙa kwance a kan laka ta miƙe daga zoben zuwa daidai goshinsa. Ashe haka take kusa. Can a bakin kwarin ya hango Nafisat tsaye, ta rungume kular abincin a ƙirji, mayafinta na kaɗawa a iskar hadari. Ba ta ce ya sauko ba, ba ta kuma kau da kai ba. Ya ji sonta ya cika masa ƙirji.

Balarabe bai yi wa kowa sassauci ba. Ya bar sarƙar ta yi sako-sako, ya taka mai, ya fizga irin fizgar direban tarakta da bai san motar kowa ba. Ƙarar ta daki kunne kamar an buga guduma a ganga. Wuyan Sulaiman ya fizgu baya, haƙoransa suka haɗu, Ɗanjuma ya yi salati. Motar ba ta fito ba. Aka sake, laka ta yi wani irin tsotso ta riƙe. A ta uku sai ga Hilux ta taso tana zubar da baƙin ruwa, ta biyo janwe har kan tudu.

Layin ya kaure da tafi da fito. Sulaiman ya sauko, ya tsugunna ya share lakar zoben da tafin hannu. Fentin ne kawai ya goge. Ya bi ɗinkin waldar da yatsa daga farko har ƙarshe, babu tsaga. Da ya ɗago, Nafisat na tsaye a kansa, idanunta sun yi ja, ta ce masa a hankali tuwon ya huce, kuma in ya sake yi mata irin wannan sai ya riƙa dafa wa kansa.

Mansur kuwa ya zama wani mutum. Ashe duk abin nan yana ɗauka a waya. Ya dafa kafaɗar Sulaiman, ya kira shi injiniya, ya ce ai shi dama tun farko ya ga ƙarfen ba na wasa ba ne. Ya tura bidiyon ofis. Ba a yi minti biyar ba wayarsa ta yi ƙara, ya koma gefe yana rusunawa kamar mai kiran na gabansa, ba abin da ake ji sai "to, ranka ya daɗe".

Ya dawo fuska a sake. Ya ce albishir, Darakta ya gani ya yaba ƙwarai. Har ya ce daga yau wannan motar ta koma ofishinsa, da ita zai riƙa fita rangadi. Masu zagayen ƙauye sai su ɗauki ɗayar Hilux ɗin.

Ɗanjuma ya sunkuyar da kai. Kowa a wurin da ya san motocin ya san ɗayar. Tagwaye ne, rana ɗaya aka sayo su, kuma hannu ɗaya ne ya yi musu bambar ado tun farko. Tata tana nan da jajayen zobbanta.

Sulaiman ya juya. Ya wuce cikin shago, ya fito da sifanar ɗazu da wani yagaggen kwali, ya shimfiɗa a gaban motar da har yanzu take ɗigar laka, ya kwanta ya shige.

"Injiniya, me kuma ya saura?"

"Babu, Yallaɓai." Muryarsa ta fito daga ƙasa. "Motarku ce, ku ba wanda kuka ga dama. Ƙarfen nawa ne. Ka sa Ɗanjuma ya kawo ɗayar, ramukansu ɗaya ne. Kafin magariba na ɗaura mata bambar nan."

Mansur ya ce ya yi hankali, maganar Darakta ce fa. Ya ce za a iya hana shi aikin ƙungiya har abada. Sai ya juya ga Nafisat, ya ce Sista ta yi wa mijinta magana, ita ma'aikaciya ce, ta san yadda abubuwa suke.

Nafisat ta ajiye kular a kan benci. Ta gyara ɗankwalinta, ta tura shi baya har tabon ya fito fili. Ta tattare zaninta ta tsugunna a gefen taya, ta miƙa tafin hannu ƙarƙashin motar.

An fara yayyafi. Aka ji ƙarfe ya yi ƙara sau ɗaya, ya saki. Jim kaɗan noti na farko ya faɗo a hannunta, da laka a jikinsa.