Jan Ɗigo a Kan Faifan Saramma

Shekara uku Saramma tana jiran minti goma sha ɗaya. Roka za ta tashi daga tasharmu ta bakin teku, ta fesa sinadari can ƙololuwar sama, mu kuma mu bi da na'urar rada mu ga yadda iskar wurin za ta sauya. Digirinta na dakta kacokan a kan wannan ya rataya. Ni, Velayudhan, ni ne mai kula da faifan naɗar bayanai.

Rokar ta tashi da magariba, gajimaren sinadarin ya baje, rada ta kama komai a faifai ɗaya tak. Saramma ta rungume shi kamar jariri.

Faifai yana mana ƙaranci, don haka muna da ƙa'ida: wanda aka gama da shi a ɗiga masa ja, ranar Litinin in goge shi. Sai ga bikin Ayudha Puja, ranar da muke wanke kayan aiki mu sa musu furanni da ɗigon jan gari don albarka. Na bi na'urori ina ɗigawa, na ce ai faifanta ya fi kowa cancanta. Na dangwala masa.

Ranar Litinin na goge faifai goma sha huɗu, ina yi ina 'yar waƙata.

Da ta ɗora shi ta ga wayam, sai ta juyo. "Velu-chetta, yayana, wai idona ne, ko injin naka ne ya tsufa kamar mai shi?"

Sai a lokacin na gane har da nata na goge. Na riga na share jan da babban yatsa.

"Gishirin iskar teku ne, ƙanwata. Yana cin faifai."

Shugaban tasha ya wanke ta tas a gabanmu don ba ta yi kwafi ba, ina tsaye kamar turmi. Ba a sake ba ta roka ba. Kunyar abin har yau ba ta sake ni ba.

Ranar da za ta koma garinsu Kottayam koyarwa a sakandare, ta kawo mini soyayyar ayaba a ƙunshi.

"Chetta, ka yafe mini," ta ce. "Sakacina ya ɓata maka aikin shekara uku."

Na ce mata ba komai, na yafe.