Farantin Nuhad

A gidanmu ba a taɓa sayen kayan adon bishiyar Kirsimeti a kanti ba. Baba yakan ce duk mai lambu a bayan gida da ya je ya sayo ƙwallayen roba ya rataya, to a duba masa kai. Reshen sanobar, wata bishiya mai ganye kamar allura, muke sarowa a gangaren dutse, mu kafa shi a gwangwanin man zaitun, mu cika da tsakuwa. Sauran kaya duk na lambu ne: lemo da aka yanka sala-sala aka busar a kan murhu, jan barkono a zare, busasshen ɓaure, da rumman da muke ratayewa a rumbu tun kaka har fatarsa ta yi tauri. A gindin bishiyar kuma ake jera farantan alkama.

Ranar tunawa da waliyya Barbara ake shuka alkamar, kwana ashirin kafin biki. A shimfiɗa auduga a ƙaramin faranti, a barbaɗa alkama, a riƙa yayyafa ruwa, kafin Kirsimeti ta yi kore shar. Kowa a ƙauyenmu yana yi, amma mu kowane mutum da farantinsa. Na Baba mai zanen shuɗi, nawa fari, na ƙanwata Nuhad kuma mai ɓalli a baki, don ita ta yar da shi tana ƙarama.

Kafin shekarar da zan ba ku labarinta, Nuhad ta yi shekara bakwai ba ta taka gidan ba. Tana Kanada da mijinta lokacin da Inna ta rasu, ta ce in ta fito takardun zamanta a can za su lalace, ba ta zo jana'iza ba. Baba ya rantse a gaban mutane cewa ba shi ba ita. Sau biyu ta kira, sau biyu ya kife waya, daga nan ta daina. Ni ce na wanke Inna, ni ce kuma na zauna da Baba da idanunsa suka tafi, ina yanke masa farce, ina kai shi coci a hannu. Ba zan ɓoye ba, fushinsa ya yi mini daɗi. Shi ne kaɗai ladan da nake gani an ba ni.

A shekarar da nake ba ku labari, da safiyar ranar Barbara, na ɗora tukunyar alkama a wuta kamar yadda ake yi, wadda za a ci da sukari da 'ya'yan rumman. Baba yana zaune kusa da murhu da bargo a gwiwa.

Ya ce, "Afifa, fito da faranti uku."

Na ce, "Mu biyu ne a gidan nan, Baba, sai dai in ka yi aure ban sani ba."

"Wa zai auri tsoho makaho mai 'ya irinki? Fito da mai ɓallin."

Na tsaya da ludayi a hannu. Ya juya fuska wajen taga, wadda ba ya gani, ya ce, "Ƙirjina ba ya yi mini daɗi bana. Na yi rantsuwa, ban san yadda zan kwance ta ba. Ki shuka mata. In ta tsiro, na ɗauka Allah ya sake ni, ranar biki ki buga mini lambarta."

Na shiga kicin raina a ɓace. Wato shekara bakwai na wahala, sai auduga da ruwa su share komai, ta shigo da akwatinta da turarenta a yi ta rungumarta. Na shimfiɗa auduga a faranti uku. Biyu na zuba musu alkama daga buhu. Na ukun, na ɗebo daga tukunya, wadda ta riga ta tafasa amma ba ta fashe ba, na tsane ta a tsumma na barbaɗa. In ka gan ta sai ka ce ita ce ta fi lafiya, don ta kumbura ta yi ɓul-ɓul.

Na jera su a bakin taga. Kullum da safe, kafin ya sha kofi, Baba sai ya lallaba ya je ya shafa su da tafin hannu. Ya fara da nasa, ya wuce nawa, ya ƙare a mai ɓalli, ya daɗe a nan. Kwana huɗu namu suka fito da fararen ƙafafu. Kwana takwas suka miƙe kamar gashin buroshi. Na Nuhad yana nan kwance, ya fara yauƙi.

Maƙwabciyarmu Ummu Tanyus ta shigo aron rariya ta gani. Ita bakinta ba ya da marfi.

Ta ce, "Wannan na waye ya mutu haka? Afifa, ke da ko sanda kika soka a ƙasa sai ta yi ganye?"

Na ce, "Iri ɗaya ne, ruwa ɗaya. Kowa da rabonsa."

"To ki zubar mana, ko so kike ƙudaje su yi bikinsu a nan?"

Baba ya ce, "A bar shi. Wata alkamar tana da nauyin barci."

Sau da yawa na yi niyyar gyarawa. Abu ne mai sauƙi: in ɗaga audugata da tsironta gaba ɗaya in mayar a farantinta. Wata rana har na sa hannu, sai na tuna ranar da na tsaya ni kaɗai a bakin kabarin Inna mata suna tambayata ina ƙanwata, na janye hannuna. Na ce gobe.

Ranar jajibere da hantsi muka yi adon bishiya. Haka muka saba tun da ya makance: ni in zura zare, shi ya rataya, don ya ce hannunsa ya fi idona sanin inda reshe zai iya ɗaukar nauyi. Ɗakin ya cika da ƙanshin lemo da ɗanyen itace. Ya rataya barkono, ya rataya ɓaure, yana ta yi mini tsiya wai lemona ya yi kauri kamar tafin takalmi. Na ƙulla tauraro daga busassun rassan inabi na ɗora a sama. Sai aka zo kan rumman, wanda shi ma ɗaya ne ga kowane mutum.

Ya ce, "Ba ni uku."

Na ba shi. Ya rataya biyu a gaba. Na ukun ya riƙe shi yana juyawa a hannu, sannan ya zura hannu can ciki kusa da gangar reshen, inda ba mai gani, ya ɗaure shi a nan.

Na kawo farantan zan jera a gindi. Ya karɓi mai ɓalli, ya kai hanci, ya miƙo mini.

Ya ce, "Wanke shi ki mayar kabad. Dafaffiyar alkama a kwana uku take tsami, 'yata. Shekara sittin ina noma, idona ne ya mutu, hancina yana nan."

Na ji kamar an watsa mini ruwan sanyi.

Ya ce, "Ban ga laifinki ba. Ke kika ɗauki gidan nan a ka. Na tambayi Allah, sai ke kika ba ni amsa, kuma amsarki ma abin ji ce. Kullum ina zuwa in taɓa ko kin sake shawara. Ba zan kawo miki wadda ba kya son gani ba."

Wayar tana kan tebur, taku uku daga inda nake. Lambar tana rubuce a bangon littafin addu'ar Inna, na kuma san ta da ka. Kalma biyu kawai ake nema daga bakina, in ce kira ta. Kunya ta riƙe ni, da wani taurin kai da har yau ban san inda na gado shi ba. Na ce a raina bari biki ya wuce, in ya so ranar sabuwar shekara in buga da kaina. Na tafi na wanke farantin.

Sabuwar shekara ta zo, baƙi suka cika gida, na ce sai an watse. Kwana biyu bayan haka Baba ya zauna a kujerarsa bayan abincin rana, bai tashi ba.

A ranar na buga lambar, ba tare da na duba littafi ba.

Nuhad ta iso ana gobe jana'iza. Ta yi furfura a gaban goshi, abin da ban taɓa kawowa a raina ba. Bishiyar tana nan a tsaye, don ba a saukewa sai bayan bikin baftisma na shida ga Janairu. Ta ajiye jaka ta durƙusa a gabanta. Ta dubi rumman biyu a gaba, ta dubi faranti biyu da alkamarsu ta yi tsawo har ta fara kwantawa.

Ta ce a hankali, "Yaya, ashe har ya tafi bai huce ba."

Da na yi shiru, da ta tafi da wannan, ni kuma in zauna da mutuncina. Na kama hannunta na zura shi cikin rassan har ta taɓa rumman na uku. Sannan na gaya mata komai, da tukunyar, da tsumman, da yadda yake zuwa taga kowace safiya. Ba ta zage ni ba, kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Ta kwance rumman ɗin ta sa a aljihun rigar sanyinta. Bayan jana'iza ta kwana gidan Ummu Tanyus, washegari ta koma.

Shekara biyar ke nan. Har yanzu ina saro reshe, ina busar da lemo, ko da yake ba mai cewa ya yi kauri. Ranar Barbara ina shuka faranti biyu, fari da mai ɓalli, daga buhu ɗaya. Bana ma nata ya tsiro, har ya fi nawa cika. Na ɗauki hotonsa na aika mata, wayar ta nuna mini ta gani.