Abin da ke Ƙarƙashin Hular Malam Gana

Malam Gana dillali ne a kasuwar shanu ta Potiskum, mai baki, mai son gayu. Hularsa zanna kullum a kafe take har bisa kunne, baƙin gashi yana leƙowa ta gefe da ƙeya. Wannan na gefen shi ne iyakar dukiyar. Daga goshi zuwa maɗiga fili ne fetal, ko ƙuda ya sauka sai ya zame. A lissafin Gana, daga matarsa Yagana sai wanzaminsa suka san zancen, shi ma wanzamin sai an sakaya ƙofa yake aiki.

Da ya ɓoye abinsa ya ja bakinsa, da ba mai ganin laifinsa. To amma mutumin naka shi ne kan gaba wajen tsokanar masu sanƙo, musamman amininsa Zainulabidin mai sayar da dusa a unguwar Hausari, wanda nasa yake a fili kowa na gani.

"Zainu, juya can mana, kana haske mini ido!" in ji Gana, majalisa ta kwashe da dariya. Zainulabidin sai ya shafa kai ya yi murmushi. Shekara da shekaru a haka.

Ana nan Allah ya kira su biyun aikin Hajji shekara ɗaya. Gana ya yi ta murna har ranar bitar farko, inda malami ya faɗi abin da kowa ya sani, amma shi bai taɓa kawo shi kusa da kansa ba: namiji in ya ɗaura harami ba ya rufe kai. Bayan an tashi ya lallaɓa wajen malamin.

"Allah gafarta Malam, idan mutum yana da lalura fa?"

"Wace irin lalura?"

"A'a, wani ne ya aiko ni."

Ya dawo gida ya tayar wa Yagana da hankali. Aka shafa man shanu, aka shafa ruwan albasa, aka shafa habbatus-sauda har matashin kai ya koma kamar tsumman mai tuyar ƙosai. Kowace safiya ya sunkuyar mata da kai.

"Duba da kyau, ya fara?"

"Malam, ƙyalli dai ya ƙaru."

Da abin ya ishe shi ya hau mota har Damagum, inda yake ganin ba a san shi ba, ya cire wa wani ma'aikacin lafiya hula. Mutumin ya ce gashi daga saiwa yake tsirowa a ƙarƙashin fata, kowa yana zubarwa wani ya fito. Irin na Gana kuwa gado ne, saiwar ce take ƙanƙancewa har ta daina. Akwai maganin shafawa da ke riƙe abin da ya rage, amma sai an jure watanni, kuma inda ya daɗe da tafiya kada ya sa rai. Gana ya fito yana cewa yaran yanzu ba su san aiki ba. A tasha ya sayi wani haɗin tafarnuwa a hannun mai lasifika da ya rantse ko a tafin hannu aka shafa sai ya yi gashi.

Gashi bai fito ba, bororo ne ya fito. Kan ya yi ja, ya saɓule, hular ma da ƙyar take zama. Gana ya fara zancen ko ya ɗaga tafiyar zuwa baɗi.

Yagana ta ajiye ludayi. "Malam, Ɗakin Allah za ka fasa zuwa saboda Zainu? Wallahi ka ji kunya."

Ya ji kunyar kuwa, amma tsoron bai sake shi ba.

Ranar bitar ƙarshe aka tara maniyyata a fili da tsakar rana, an kafa ɗan akwatin katako an lulluɓe shi da baƙin yadi don koyon ɗawafi. Kowa ya ɗaura harami. Gana ne kaɗai da farin yadi a jiki, zanna a ka, kamar wanda ya fito wanka aka kira shi ɗaurin aure.

"Malam mai hula, muna jiranka," in ji malamin ta lasifika.

Ya rufe ido, ya cire. Ya tsaya yana jiran dariyar da ya tara wa kansa shekaru, amma ba wanda ya ko juyo. Zainulabidin ne kawai ya matso ya leƙa.

"Subhanallahi! Me ka shafa masa? Da can lafiyarsa ƙalau, sumul."

"Da can? Ka taɓa gani ne?"

"Gana, a sahun bayanka nake sallah. Duk sujada hularka sai ta tashi ta baya. Rabin masallaci sun sani."

Gana ya dubi hular da ke hannunsa. Ya tuno duk ranakun da ya sa majalisa dariya, ashe rabin masu dariyar ba da Zainu suke ba. Da ƙyar ya ce, "Kuma ba ka taɓa ramawa ba?"

"Na ga kana jin ciwon abin. Ni ba na jin ciwon nawa."

Layi ya fara tafiya. Rana ta sauka a kan ɗanyen ciwon, Gana ya cije leɓe. Zainulabidin ya buɗe lemarsa ya ɗaga masa.

"Shigo ciki. Nawa ya saba da rana, naka yau ya fara fita."