Bayan Kwalin Ƙarshe

Kazue ta zare kwalin da ke gaban akwatin katakon, hoton ƙarshe ya bayyana: kunkurun teku da wani yaro a bakin ruwa. Ta ɗaga murya kamar yadda ta saba.

"Sai yaron ya sha maganin tsibirin, ya miƙe garau, ya ruga gida wajen uwarsa."

Yaran ɗakin suka tafa, masu ƙarfin tafawa. Ta buga 'yan sandunanta biyu alamar an tashi, ta rusuna. Bayanta kamar zai ɓalle. Tun asuba take tsaye. Ta yi wa mijinta wanka, wanda shanyewar ɓarin jiki ta kwantar, ta ba shi kunun shinkafa, ta bar shi hannun maƙwabciya, sannan ta kamo jirgin ƙasa zuwa asibiti da akwati a kafaɗa.

"Kaka, ƙarya kike yi."

Daga bayanta muryar ta fito. Chinatsu ce, 'yar shekara goma da ke gadon lungu. Tun zuwanta ta ce ita ta girmi labarin hotuna, shi ya sa kullum Kazue ke ba ta baya.

"Ba haka aka rubuta ba. Daga nan ina gani."

 A bayan kwali ake rubuta maganar, yara na kallon hoto, mai labari na karantawa. Kazue ce ta zana labarin da hannunta, ita ta rubuta shi, amma shugabar ma'aikatan jinya ta roƙe ta ta sauya ƙarshen, don ba irin na asibiti ba ne. Ta sauya a baki, ta bar rubutun. Ko sau ɗaya ba ta tuna akwai idanu a bayanta ba.

Ogiwara, ma'aikaciyar jinyar ɗakin, ta matso da sauri. "Chinatsu, ba a yi wa manya haka." Sannan ta ja Kazue gefe ta rage murya. "Gobe za a sallame ta, Mama. Likita ya tsayar da magani, ya ce ba sauran abin yi. Iyayen ba sa son ta sani."

"Ina jinku fa," in ji yarinyar. "Ciwon bai taɓa kunnena ba. Kowa sai murmushi yake mini kamar masu tsaron kanti. Jiya Baba ya ce na warke, ya shiga banɗaki, ya fito da jajayen ido wai mura ce." Ta dubi Kazue. "Rubutunki kamar tafiyar kaguwa, rabi kawai na iya ganewa. Ki karanta mini sauran."

Ogiwara ta fara tura yaran zuwa ɗakin cin abinci. A bakin ƙofa ta waiwayo. "In shugabarmu ta ji, kin san akwatin nan ya gama shigowa ɗakin nan."

Kazue ta sani. Ta kuma san a duk mako, nan ne kaɗai inda ake sauraron muryarta. Ta dubi agogo, maƙwabciya na jira. Abin da ya fi sauƙi shi ne ta rufe akwati ta tafi.

Ta cicciɓe shi, ta ɗora kan teburin gadon, ta juya hoton ya fuskanci yarinyar. Ta gyara tabarau.

"Da suka isa tsibirin, ba su tarar da magani ba. Yaron ya ce, to ka koma gida mana. Kunkuru ya ce ba ya sauri. Ya kwanta ta inda iska ke busowa, ya kare shi. Yaron ya jingina da ƙoƙon bayansa mai ɗumi, suna kallon ruwa, har tsoro ya sake shi."

Chinatsu ta daɗe tana kallon hoton. Ta kai yatsa ta taɓa idon kunkurun.

"Ya gaji, ko?"

"Ya gaji ƙwarai," in ji Kazue.

"Amma bai tafi ba."

"Bai tafi ba."

Yarinyar ta gyara kwanciya, ta ja bargo zuwa haɓa. "To faro mini daga farko. Ban taɓa ganin hotunan ba."

Kazue ta jawo kujera ta zauna, ta jera kwalayen, ta ɗauki sandunanta.