Masu Tausayin Tulu

Tun daga ƙofar barga Goggo ta san ba lafiya. Tulu, gajeren dokin da jikokinta ke koyon hawa a kansa, bai zo ya cusa mata hanci a aljihu ba. Yana tsaye ya miƙe ƙafafun gaba, ya maida nauyinsa baya, kamar wanda aka ce ya taka garwashi. Ta durƙusa ta dafa kofato, ta ji zafi. Ta sa yatsa ɗan sama da kofaton, jijiya na harbawa.

Ciwon kofato ne. Shi ya kwantar da uwar Tulu har ta kasa tashi, Goggo kuwa ta rantse ɗan ba zai bi ta ba. Tun ciyawa na kore shar ta hana shi kiwo, sai busasshiya da aka jiƙa aka tsane. Mutanen gidan har sun laƙaba mata suna Gandiroba, suna zaton ba ta ji.

Ta kira likitan dabbobi a waya, sannan ta ɗaga murya.

"Maigida! Zo ka ga aikin wani."

Ya iso da kofin shayinsa, yana tafiyar marar laifi.

"Wa ya kai shi fili?"

"Wane fili kuma? Kaka ta wuce, ciyawa ta yi ja. Ko mahaifina, da ta bushe yake sakin dawakinsa. Kowa ya san haɗarin na ɗanya ne."

"Wannan Kowan naka, ina so a kawo min shi wata rana mu gaisa. Ya taɓa duƙawa ya leƙa ƙarƙashin jar?"

Ita kam ta riga ta leƙa. Bayan ruwan ƙarshe wani ɗan toho ya fito, gajere, ko farce bai kai ba. Rana ta dake shi ya tara zaƙi, sanyin dare ya hana shi girma, zaƙin ya zauna cikinsa. Ga doki mai kitsen wuya irin Tulu, wannan ba ciyawa ba ce, alewa ce.

"Na tambaye ka wa ya kai shi, ka kawo min mahaifinka, Allah ya jiƙansa."

Maigida ya dubi shayinsa. "Ɗan lokaci ne fa. Da sassafe, kafin ki fito. Kallon da yake min ne, sai ka ce maraya."

"Da sassafe! Ka zaɓi lokacin da ta fi zaƙi, sannu da dabara."

Autarsu ta shigo da bokitin ƙanƙara don sanyaya kofaton, ta tarar da ƙarshen maganar, ta tsaya cak.

"Baba, kai ma?"

"Ni *ma*?"

"Ni da rana nake kai shi, in Goggo ta kishingiɗa. Wallahi na ɗauka ni kaɗai ce."

Daga tagar kicin sai ga muryar surukarsu, a hankali: "Ni dai ɓawon karas ne kawai. Da ɗan guntun burodi. Wani lokacin dusa."

Goggo ta bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya saci kaɗan don tausayi, kowa ya ɓoye wa ɗan'uwansa, Tulu ya haɗa ya cinye duka bai tona kowa ba.

Likita ta zo ta matsa kofato da ƙarfenta na gwaji, ta kama kitsen wuyan ta girgiza, ta ba shi maganin zafi. Ta ce a shimfiɗa masa yashi mai laushi, kada ya taka ko'ina, gobe za ta ɗauki hoton ƙashin.

"Likita," in ji Maigida, muryarsa ta yi ƙasa, "zai tashi dai ko?"

"Ina sa rai, don an gani da wuri. In kun iya daina son shi na 'yan makonni, zai ɗauki jikokinku."

Goggo ta aiki Auta ta sayo kwaɗon kulle barga, ta tura suruka neman ƙarin ƙanƙara. Maigida kuwa ta kife masa tsohon bokiti ya zauna, ƙafar Tulu na cikin ruwan sanyi, hannunsa na riƙe da ita, wandonsa ya jiƙe har gwiwa.

"Yatsuna sun ƙage," ya ce.

"Riƙe dai da kyau. Sai ƙanƙarar ta narke a canja."