Layin Mai Gilashi

Lambobi uku na ƙarshe kawai wayata ta nuna, sauran duk an rufe su da taurari, amma ko daga barci aka tashe ni na san layin wane ne. Shekaru na yi ina kiransa in ji ko a ɗora tukunya.

"An aika lambar tabbatarwa zuwa wannan layi." Abin da shafin ɗalibai na jami'armu ya rubuta mini ke nan.

Ina tsaye ne a gaban tagar ofishin da ke kula da shafin. Taga ce ƙarama mai ƙarafa, an yi ta daidai ƙirjin mutum, dole ka sunkuya kafin ka ga wanda ke ciki. A bayana ɗalibai ne, yawancinsu na isa in haife su, suna fifita da takardu suna tsaki.

"Mama, mene ne?" in ji ma'aikacin, idonsa na kan kwamfuta.

"Kalmar sirrina ce ta ƙi shiga. Na nemi a sake mini, sai aka tura lamba wani layi."

"To ki duba layin mana."

"Ba a hannuna yake ba."

"Ɓata ya yi? Ki je kamfani su yi miki sabo."

"Na mijina ne." Sai na gyara zancen. "Wanda ya kasance mijina."

Sai a lokacin ya ɗago kai. Ba mugu ba ne, gajiya ce kawai a fuskarsa. Ya ce, "Ku mata ke nan, komai a sa layin maigida. Ko jiya sai da biyu suka zo da irin wannan." Ya zayyano mini hanya: in rubuta wa magatakarda, in yi rantsuwa a kotu cewa ni ce ni, shugaban sashe ya sa hannu, sannan kwamiti ya zauna a ƙarshen wata.

"Rajista kuma ranar Juma'a za a rufe," na ce. "Zangona na ƙarshe ne. In ban yi ba, ba ni ba jarrabawa."

"Haka ne."

"Ga fuskata, ga katina. Ba za ka iya dubawa daga nan ba?"

"Mama, ni na yarda ke ce. Na'urar ce ba ta san fuska ba, layi ta sani. Wanda ke da ikon buɗe shafin wani kuma ya tafi taro." Ya sassauta murya. "Ki lallaɓa shi kawai. Harshe da haƙori ma sukan saɓa. Karanta miki lamba ai ba ɗaukar dutse ba ne. Na gaba."

*

Ban shiga aji ba sai da na haifi 'ya'ya. A makarantar manya ta yamma na koyi riƙe biro, da goyo a bayana, na bi a hankali har na zana jarrabawar shiga jami'a. Gaskiya ɗaya ce, a lokacin mijina ya fi ni murna. Gilashi da madubi yake sayarwa, kowa Mai Gilashi yake ce masa. Ranar da sunana ya fito, a kwamfutar shagonsa ya buɗe mini shafi, abokansa na zaune a benci suna taya shi shewa. Da aka zo wurin sa lambar waya, ko juyowa bai yi ba.

"Tawa za a sa mana. Ni da ita ai abu ɗaya ne."

Na yi dariya, har wani sanyi na ji a raina. Daga nan kowane zango shi ke shiga ya yi mini rajista, ya bugo takardun ya kawo gida a ambulan, kamar tsaraba. Ni dai nawa karatu.

Ban san ranar da abin ya fara juyawa ba. Wataƙila ranar da yayarsa ta zo da takardar asibiti, ta wuce shi ta miƙo mini in duba mata. Tun daga nan sunana ya koma Farfesa. In miya ta yi gishiri, Farfesa tana nazari. In na dawo daga aji a makare, Farfesa ta fi ƙarfin gida. Na yi shiru, don ni dama ba mai yawan magana ba ce, sai shirun ma ya zama raini. A farkon dogon hutu ya sallame ni. Na dawo gidanmu da akwati biyu da autata.

Baba gyaran keke yake yi a rumfar ƙofar gida. Mutum ne da ko gishiri bai taɓa aika a roƙo masa a maƙwabta ba. Ranar da na dawo bai zagi kowa ba. Madubin bangon da surukin nasa ya taɓa ba shi kawai ya cire, ya naɗe a tsumma, ya ba mai mota ya mayar. Ya ce ƙafarsa ta gama taka wannan shago.

Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake ce mini. Duk wanda ya kawo faci sai ya ji labarin. "Uwata ta kusa zama malamar makaranta. Saura ƙiris. Jikokinku za su zo su gaishe ta a tsugune."

Da na dawo daga jami'a ranar, na kira Mai Gilashi. Ta yi ta ƙara har ta katse. Na tura saƙo, na ga alamar ya karanta. Na kira yayarsa, ta ce ita ba ta shiga tsakanin wuta da auduga. Washegari ma haka. Ranar Alhamis da safe ina wanke-wanke, Baba ya leƙo da sifana a hannu.

"Uwata, kwana biyu ban ji kina karanta turancinki ba. Lafiya?"

Na so in ɓoye, amma bakina ya riga ni. Ya saurara har ƙarshe, yana juya sifanar.

"Wato makarantar taki, makullinta na aljihunsa?"

"Kusan haka ne, Baba."

"Su malaman ba su san ki ba? Shekara nawa kina zaune a gabansu?"

"Sun san ni. Na'urar ce ba ta san ni ba."

Ya jinjina kai. Ya koma rumfa, na ji ya ci gaba da buga ƙarfe. Can ya daina. Da ya sake shigowa ya wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu, ya sa rigarsa ta zuwa ɗaurin aure.

"Ɗauko mayafinki."

"Baba, ka ce ba za ka sake..."

"Na faɗa. Bakina ne ya faɗa, ba dutse ba. Ranar biyan buƙata rai ba a bakin komai yake ba. Mu je."

*

Shagon na nan yadda na san shi. Madubai jingine a kowane bango, manya da ƙanana, mutum ɗaya in ya shiga sai ya zama taro. Abokansa uku na benci, su ɗin dai na ranar da aka buɗe shafin. Shi kuwa yana sunkuye a kan tebur, yana jan abin yanka a jikin gilashi.

"A'a, Baba da kansa? Sannu da zuwa. Farfesa, an tuna da jahilai ke nan?"

Baba ya gaishe shi, ya tambayi kasuwa, ya tambayi mahaifiyarsa. Ba wanda ya matsa masa a benci. Muka tsaya har ya gama yankan, ya ɓalle gefen gilashin da yatsu, ya hure, ya ɗaga shi yana duba haske.

"Ɗana, alfarma na zo nema," in ji Baba. "Wata lamba aka ce tana shigowa wayarka. Ka karanta mata, mu ba ka wuri."

"Lamba kawai? Ai da an aiko yaro. Farfesa, turo."

Na danna wurin neman sabuwar lamba. Wayarsa ta yi ƙara a aljihun gaba. Ya ciro ta, ya nisanta da fuskarsa, ya matso da ita, ya shafa aljihu.

"Ina tabarau ɗina ne? Kun san mu da ba mu yi boko ba, ƙananan rubutu wahala suke ba mu."

Ɗaya daga cikin abokan ya ƙyalƙyale. A wayata agogon da ke ƙirga wa'adin lambar yana ta raguwa. Mai Gilashi ya buɗe aljihun tebur, ya rufe, ya ɗaga jarida, ya amsa gaisuwar wani mai wucewa. Agogon ya ƙare.

"Kash, ta mutu? Haka suke, ba su da haƙuri. Kamar wasu."

Na kama hannun rigar Baba. "Mu tafi."

Bai ko dube ni ba. Ya zare hannunsa a hankali, ya dafa gefen tebur, ya sauka. Na ji ƙarar gwiwoyinsa kafin su taɓa ƙasa. Baba, wanda gashin kansa bai da sauran baƙi, ya durƙusa a gaban yaron da ya taɓa yi wa facin keke kyauta. Na kau da kai, sai na gan shi a madubin dama. Na juya hagu, yana can ma. Duk inda na kai ido, Baba ne a durƙushe.

"In ta yi maka laifi, ni na haife ta, ni ka kama," ya ce. "Karatun nan shi kaɗai ya rage mata. Don girman iyayenka."

Dariyar benci ta ɗauke. Babban cikinsu ya ce, "Haba, Mai Gilashi. Ba shi mana. Wannan ai sa'an mahaifinka ne."

"Ni na ce ya durƙusa? Baba, tashi don Allah, kar ka ja mini baki." Amma bai miƙa hannu ya ɗaga shi ba. "Turo, Farfesa."

Wannan karon bai nemi tabarau ba. Ya karanto lambobin ɗaya bayan ɗaya, a tsanake, kamar mai ba yaro karatu. Na shigar da su. Na sa sabuwar kalmar sirri. Shafin ya yi ta juyawa, sannan ya buɗe.

Hotona ne ya fara fitowa, wanda aka ɗauka a shekarar farko, ina murmushi da mayafin da shi ya saya mini. Na nemi wurin rajista, babu. A ƙarƙashin hoton akwai jan rubutu. Na karanta shi sau biyu, don kar a ce turancina ne ya gaza.

Ɗalibar ta janye daga karatu da kanta. Hukumar jami'a ta amince, an rufe fayil. Mai son dawowa sai ya nemi sabon gurbi daga ajin farko.

Ranar da aka cike buƙatar tana rubuce a gefe: washegarin ranar da ya sake ni. A gurbin dalili an rubuta, kula da iyali.

Na ɗago. Mai Gilashi ya riga ya juya mana baya yana goge wani madubi, a cikinsa idonmu ya haɗu. Ba dariya yake yi ba. Ya yi magana ƙasa-ƙasa, yadda ni kaɗai zan ji.

"Ni na buɗe, ni na rufe."

Baba ya miƙe da ƙyar, ya leƙo wayar ta kafaɗata. Bai san ko harafi ɗaya ba, amma ya san fuskar 'yarsa.

"Ga ta nan kuwa," ya ce. "Ga Uwata. Alhamdu lillahi." Ya juya ya kama hannun Mai Gilashi da hannu biyu. "Allah ya yi maka albarka, ɗana. Allah ya sa 'ya'yanka su yi maka fiye da haka."

"Amin, Baba," in ji shi.

*

A motar komawa muka sami kujerar baya, gefen taga. Baba ya yi ta magana, abin da ba halinsa ba. Ya ce mutum duk muguntarsa akwai sauran imani a wani lungu na zuciyarsa. Ya ce durƙuso ba ya rage tsawon mutum. Ya tambaye ni ko ranar bikin kammalawa ana barin iyaye su shiga ciki, ko a waje suke tsayawa, don in ana bari zai ba tela ɗinki tun yanzu.

"Ana bari, Baba."

"To madalla. Sake nuna mini hoton."

Na buɗe na miƙa masa. Ya riƙe wayar da tafin hannu biyu, kamar wanda aka ba jariri. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ɗora baƙin farcensa a kan jan rubutun.

"Wannan fa, me suka ce?"

Mai karɓar kuɗin mota yana ta kiran sunayen unguwanni. Wata mata a gabanmu tana rarrashin ɗanta. Na buɗe baki, na dubi fuskarsa.

"Ado ne kawai, Baba. Kowa haka nasa yake."

"Ya yi kyau kuwa," ya ce. Ya goge fuskar wayar da hannun rigarsa, ya mayar mini, ya jingina kai ya lumshe ido.

Rana ta shigo ta taga ta sauka a cinyarsa. A gwiwoyin wandonsa garin gilashin ƙasan shagon ya manne, yana ta ƙyalli. Na sa hannu a hankali ina kakkaɓe masa don kar ya farka. Sai da motar ta karya kwana sau biyu na lura tafina yana fitar da jini.