Baƙon Dutsen Zabi

Dutsen Zabi ba dutsen a zo a gani ba ne. Ɗan tudu ne na jajayen duwatsu yamma da ƙauyenmu, tsakanin Gangara da Belbeji, wanda tsohuwa ma kan hau shi ba ta tsaya hutu ba. Amma a bazarar 1985, bayan farin da ya cinye gonaki da dabbobi, babu wurin da Ɗan Azumi ke so a duniya kamar wannan tudu, don a can ya binne irin geronsa.

Tiya shida ce a tulu. Ya gauraya ta da toka, ya liƙe bakin da laka, ya binne a gindin wani faffaɗan dutse. Sannan ya dawo gida ya rantse wa matarsa Tabawa cewa ko ƙwaya ba ta rage ba. Kada ku yi saurin zaginsa. Ya san in iri na gida, ranar da jikarsu Raliya ta yi kukan yunwa sai ya shiga turmi, kuma wanda ya ci iri ya ci baɗi.

A lokacin, da anza, 'ya'yan wani itacen daji masu ɗaci, ake rayuwa, sai jar dawar taimako in kamiyo, babbar motar kaya, ya zo daga Tanut. Mata kuwa sun koma bin tururuwa. Su bi layinta har gida, su haƙa da dagi, su kwashe 'yan ƙwayoyin da ta tara. Tabawa ta ƙware a wannan aiki.

Kullum da safe Ɗan Azumi kan hau tudun, wai duba hadari. Mutane suna masa dariya, don sama fes take. Wata safiya ya iske baƙo, wani dogon makiyayi da rawani ya rufe masa rabin fuska, ya shimfiɗa tabarma yana dafa shayi. Duk faɗin Dutsen Zabi bai ga wurin zama ba sai daidai kan tulun. Ɗan Azumi ya matsa kusa.

"Bawan Allah, daga ina?"

"Daga arewa," in ji baƙon. "Sunana Attahir."

"Ina dabbobin?"

Attahir ya buɗe tafin hannunsa ya nuna masa babu komai. Ya ce ƙanensa ya tafi kudu da raƙuminsu na ƙarshe, sun yi alkawarin haɗuwa a wannan tudu.

"Ai can gabas ya fi inuwa," in ji Ɗan Azumi.

"Nan ma ya yi mini."

Ya miƙa masa shayi. Ɗan Azumi ya ce yana azumi, ranar kuwa Laraba ce.

Daga nan zaman lafiya ya ƙare masa. Ya daina hawa ta gaba, sai ya zagaya ya laɓe bayan wata bishiyar aduwa yana leƙe. Ya ga baƙon yana ɗaga gefen tabarma yana shafa ƙasa da hannu. Ya ga yana zuba tokar shayinsa a wurin yana dannawa. Rana ta huɗu ya ga wasu mata sun doso da dagi, baƙon ya tashi ya tare su, ya nuna musu can ƙasan tudu, suka juya. Ɗan Azumi ya ce a ransa, to, ɓarawo ba ya son abokin rabo. Jira yake ƙanen nan ya zo da raƙumi su ɗora tulun su yi arewa.

Ya rasa yadda zai yi. Bai isa ya kori mutumin shi kaɗai ba, ga takobi a gefen tabarma. Bai isa ya faɗi gaskiya ba. Har Tabawa ta lura ya daina taɓa ɗan abincin da take zuba masa.

"Malam, lafiya kake?"

"Zafi ne."

Rana ta tara, bayan azahar, ya tsaya a ƙofar masallaci ya ce wa Sule, ƙanen Tabawa, yadda kowa zai ji: "Mutumin can ba zaman banza yake ba. Daga sama yake ƙirga 'yan awakin da suka rage mana." Magana ta kama kamar wutar kara. Mai akuya ɗaya ma ya ɗauko sanda.

Mutum goma sha wani abu suka hau. Matan da ke haƙa a gindin tudu suka ga ayari suka biyo baya, Tabawa a cikinsu da dagi a kafaɗa.

Sule ya ce, "Baƙo, ka sha iskarmu ta isa. Naɗe tabarmarka."

Attahir bai kalli Sule ba. Ɗan Azumi ya kalla, ya daɗe yana kallonsa.

"Dattijo, kai ma cewa ka yi in tashi?"

"Ka tashi mana! Gidan ubanka ne?"

"Sawunka na gani tun ranar da na zo," in ji Attahir a hankali. "Kullum nan yake ƙarewa. Ni da hannuna na yanka saniyata ta ƙarshe, muka cinye a kwana uku. Ka sake tunani."

Da Ɗan Azumi mai ji ne, da ya ji. Amma tsoro ya riga ya toshe masa kunne, ga mutane a bayansa. Ya sa ƙafa ya ture butar shayin.

Attahir ya miƙe, ya rataya takobinsa, ya naɗe tabarmar.

A ƙarƙashinta ƙasa ta yi fari da toka, an danna an sake dannawa. Duk da haka tururuwa ta sami wata 'yar kafa a gefen dutsen. Ga ta nan a jere tana fitowa, kowace da ƙwayar gero a baki, gero mai kyau, cikakke, irin wanda ba a gani ba tun kakar bara waccan. Ashe laka ta tsage tun tuni. Kwana tara mutumin nan yana toshe ramuka, yana zaune a kan layin don kada matan su bi shi.

Wani daga baya ya haɗiyi yawu har aka ji.

Tabawa ta durƙusa, ta ƙwace ƙwaya ɗaya daga bakin tururuwa, ta murza ta a tafin hannu. Ita ta zaɓi zangarniyar irin nan da kanta, ita ta sussuka. Ta ɗago ta dubi mijinta.

"Malam, da Alƙur'ani ka rantse mini. Ranar nan Raliya ƙasa ta ci."

Ɗan Azumi ya waiwaya yana neman baƙon, ko zai sa baki, amma Attahir ya riga ya kai rabin gangara da tabarmarsa a hammata.

Mutane suka matso, suka yi da'ira. Tabawa ce ta fara kai dagi a gindin dutsen.